Karanta fayil ɗin zon na DNS da manhaja: a ina ake tuntuɓe?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Masu rubuta manhajar da ke karanta fayil ɗin zon, wato fayil ɗin rubutu da ke jera rikodin wani suna a DNS (tsarin da ke haɗa sunayen intanet da adireshin na'urori), ku zo mu haɗa abin da muka gani. Bari in fara da wanda ya fi kama mutane: raba layi da sarari, a ce kalmar farko ita ce suna. Ba haka ba ne. A tsarin RFC 1035, takardar ƙa'idar DNS ta shekarar 1987, layin da ya fara da sarari ko tab ba shi da sunan kansa, sunan layin da ya gabace shi yake gada. Wanda ya share sararin farko kafin ya duba, sai ya tarar manhajarsa ta ɗauki IN ko MX, wato alamar aji ko ta nau'in rikodi, a matsayin sunan na'ura. A fara duba harafin farko na layi, sannan a yanka.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Malam, na biyunsa ɗigon ƙarshe ne. Sunan da ya ƙare da ɗigo cikakke ne, wanda bai ƙare da shi ba sai an liƙa masa abin da $ORIGIN, umarnin da ke ayyana asalin suna, ke riƙe da shi a lokacin. Shi ya sa ake ganin mail.example.com.example.com. a sakamako. Liƙawar ba ta tsaya ga sunan farkon layi ba, har sunayen da ke cikin rikodi irin NS da MX da CNAME da SOA (rikodin da ke buɗe zon). Alamar @ kuwa ba kullum take nufin sunan zon ba, tana nufin $ORIGIN na yanzu, wanda kan iya sauyawa sau da dama a fayil guda. Idan an shiga wani fayil ta $INCLUDE aka fito, asalin yana komawa yadda yake kafin shigar.

Ɗan Sabon Gari:
Ni a ganina duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka kwatanta da TXT, rikodin da ke ɗauke da rubutu. Alamar ; tana buɗe sharhi, to amma ba a cikin alamun zance ba. Rikodin DKIM, mai ɗauke da makullin tantance sa hannun imel, cike yake da ita: "v=DKIM1; k=rsa; p=...". Duk wanda ya datse layi daga alamar ; ta farko ya zubar da makullin, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, abin da ya fi muni ke nan. Sannan guntun rubutu ɗaya ba ya wuce bayit 255, don haka makullin RSA mai bit 2048 yana zuwa guntu biyu ko fiye, kowanne da alamun zancensa. Ana haɗa su ne ba tare da sa sarari a tsakani ba.

Baka, wato ( ), ma haka take. Idan an buɗe ta, ƙarshen layi ba ya ƙare rikodi sai an rufe ta, kuma kowane layi a ciki yana iya ɗauke da nasa sharhin, kamar yadda aka saba rubuta SOA. Ga kuma sandar baya: \. ɗigo ne a cikin suna, \032 kuma bayit ne a lissafin goma, wato sarari. Saboda haka regex, salon neman rubutu ta siffarsa, shi kaɗai ba ya kai mutum gida. A rubuta mai tsinto kalmomi harafi bayan harafi, yana riƙe da abu uku: ana cikin zance ko a'a, ana cikin baka ko a'a, harafin baya sanda ne ko a'a.

Ummu Hanan:
Gaskiya ne. A ƙara da TTL (tsawon lokacin da ake ajiye rikodi) da aji (irin IN): duk biyun ana iya barinsu, kuma kowanne na iya riga ɗaya. "3600 IN A" da "IN 3600 A" daidai suke. BIND, manhajar sabar DNS, yana karɓar 1h da 2d da 1w, sai an mayar da su daƙiƙoƙi. Idan layi ba shi da TTL, a ɗauki na $TTL, wanda RFC 2308 ya kawo a 1998. Lambar ƙarshe ta SOA kuma tun daga lokacin aikinta shi ne tsawon ajiye amsar "babu wannan suna".

Malam Na-Gwani:
Tunda an taɓo SOA: fili na biyu adireshin imel ne, ɗigon farko da ba a sa wa sanda ba shi ne a madadin @. Lambar siriyal bit 32 ce marar alamar ragi. Idan aka zuba ta a ma'ajin lamba mai alamar ragi, iyakarsa 2147483647 ce. Masu rubuta ta da kwanan wata, irin 2024061501, suna ƙasa da iyakar tukuna, amma ba kowa ke bin wannan salon ba.

Shawarata dai, kada mutum ya rubuta nasa sai dole. A Python akwai dnspython, a kira dns.zone.from_file a ba shi origin, a sa relativize=False idan ana son cikakkun sunaye. Hanya mafi arha ma ita ce a fara wuce da fayil ɗin ta named-checkzone -D ko ldns-read-zone, su fitar da kowane rikodi da cikakken sunansa da TTL ɗinsa, sai karantawa ta zama wasa. named-checkzone, wanda na BIND ne, yana kuma warware $GENERATE mai samar da jerin rikodi, domin wannan umarnin ƙarin BIND ne, ba ya cikin RFC 1035.

Baban Sadiq:
Malam, dnspython yana loda zon gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa. Ga fayil ɗin kamfani babu matsala, amma na .com da ake samu ta CZDS, hanyar sauke fayilolin zon ta hukumar sunayen intanet ICANN, yana da sunaye sama da miliyan 150. Wannan sai a karanta shi layi-layi daga cikin gzip ba tare da an kwance shi ba, ko a yi amfani da ZoneParser na miekg/dns a Go, mai miƙo rikodi ɗaya-ɗaya. Wajen ƙirga sunaye a ɗauki masu NS kawai a cire maimaici, domin suna ɗaya kan zo da NS biyu ko huɗu, A da AAAA da ke ciki kuma na sabobin suna ne. Kada a nemi .ng a CZDS, sunayen ƙasashe ba sa ciki.

Ɗan Sabon Gari:
Ƙanana guda huɗu. Abin da dig axfr, umarnin kwafo zon daga saba, ya fitar yana da SOA sau biyu, farko da ƙarshe. Fayil ɗin da aka taɓa a Windows yana zuwa da \r maƙale a ƙarshen layi. Nau'in da manhaja ba ta sani ba yana iya zuwa a salon RFC 3597, kamar TYPE65534 \# 4 0A000001, a ajiye shi yadda yake, kada a tsaya. Sunan da ke da haruffa irin ɗ da ƙ kuma a siffar xn-- yake bayyana.

Ummu Hanan:
Idan kuma wasu ne ke turo fayilolin daga waje, a kashe $INCLUDE, in ba haka ba mai turowa zai iya sa manhajar ta buɗe wani fayil a kan sabar. A dnspython allow_include=False ne, kuma from_file a buɗe yake barinsa sai an rufe da hannu.