Muhawara: Sitacin masara zai iya maye gurbin hodar jarirai?

Mai harhaɗa magunguna: Ina nan kan bakana, sitacin masara ya fi hodar talc aminci nesa ba kusa ba. Talc dutse ne da ake haƙowa a yi hodar jarirai da shi, kuma a wasu ramukan yana cuɗe da asbestos, wani ma'adini mai haddasa cutar daji. A 2024 hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa daji. Johnson & Johnson ma, kamfanin da ke yin hodar jarirai, ya daina sayar da hodar talc a Amurka da Kanada a 2020, a duk duniya a 2023, ya koma sitacin masara.

Likitan yara: Malam, ban musa ba, amma abin da nake ji wa jariri shi ne huhu. Duk hodar da ta tashi a iska, ta dutse ko ta masara, zai shaƙe ta, ga hanyoyin numfashinsa ƙanana. Tari da sarƙewar numfashi ke biyo baya, musamman ga bakwaini.

Mai harhaɗa magunguna: Ai ƙwayar sitaci ta fi girma, Likita, ba ta tashi kamar talc. A zuba ɗan kaɗan a tafin hannu nesa da fuskar yaro, sannan a shafa.

Ungozoma: Wa ke yin haka? Zazzagawa ake yi har wuya ya yi fari. Gumi na zuwa sai sitacin ya dunƙule a matsematsi da hammata, ya riƙe danshi, fata ta saɓule. Abin da ke aiki: a canza famfas duk awa 2 zuwa 3, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tsumma mai laushi ba gogewa, a bar wurin ya sha iska minti 10, sannan man kaɗanya mai tsabta ko basilin, shafi ɗaya siriri. Cibiya kuwa kada hoda ta kusance ta, chlorhexidine kawai, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya.

Likitan yara: Haka ne, Hajiya. In fatar ta yi ja, a shafa man zinc oxide, man kare fatar jarirai. In jan ya yi jawur da ƙananan ƙuraje a gefe, ko ya wuce kwana 3, wataƙila fungus ne, wato ƙwayar cuta mai son danshi, a kawo jaririn asibiti.

Mai harhaɗa magunguna: To manya fa, lokacin zafin Afrilu?

Ungozoma: Babba ya shafa sitaci a hammata da ƙarƙashin nono, fata a bushe. Amma mace kada ta zuba kowace irin hoda a gabanta.