Musayar Waƙa: Masu Mulki da Dandalin Wasa a Tsohuwar Atina

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Yau Atina ta dā za mu, birnin Girka, kan wasan kwaikwayo da masu mulki; shekarun duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne. Amsa-amo "wa". Bismillah.

Bikin Dayonisas, abin bautar Girkawa, in ya zo Atina,
Gari ya taru, sarai har talakawa.

Arkon ne hakimin wannan shekara,
Shi ke zaɓen marubutan fafatawa.

Sai ya kira attajiri ya ɗora masa
Tufafi da horon masu waƙa da rawa.

Wannan haraji ne, ku yarda da ni,
An ɗaure mai kuɗi, ba ya kuɓucewa.

Hajiya Binta:
Malam, akwai ƙofa, doka ta bar masa:
Ya nuna wanda ya fi shi dukiya yawa.

"Ko dai ka biya, ko mu musanya dukiya,"
In ya ƙi duka biyun, kotu ake zuwa.

Kuma wasu da murna suke zuba kuɗin,
Suna ake saye, gobe suke dubawa.

A 472 Farikilis yana saurayi
Ya biya wa marubuci Askilas wasansa mai suna "Farisawa".

Wasan ya zo na ɗaya, sunansa ya fito,
Daga baya shi ya ja ragamar Atinawa.

Auwal Ƙarami:
Hajiya, ki tuna da marubuci Firinikus kuma.
Miletas, birnin Girkawa, ta faɗi a yaƙi a 494, ya yi wasan faɗuwa.

'Yan kallo suka ɓarke da kuka,
Aka ci shi tara, dirakma 1,000, har da hanawa.

Don ya tuna musu ciwon 'yan'uwa!
Wannan hukunci har yau yana min ƙaiƙayi a zuciya, ba ya lafawa.

Malam Sani:
Sannu Auwal, baitin ƙarshe ya yi tsawo, amma zafinsa gaskiya ne.

Ga na Kiliyon ɗan siyasa: a 426 marubuci Aristofanis
Ya caccaki jami'ai gaban baƙi masu yawa.

Kiliyon ya kai shi gaban majalisa,
Wai ya zubar da girman gari a idon kowa.

A 424 mawaƙi ya dawo masa,
A wasa ya mai da shi bawa mai fadanci da yaudarewa.

Aka ba wasan na ɗaya, jama'a na shewa,
Suka koma suka zaɓi Kiliyon jagoran mayaƙa ba daɗewa.

Hajiya Binta:
To ai marubuci ma kan zama jami'i, Malam.
Sofokilis ya riƙe baitulmali, 443, ba musantawa.

A 441 kwamanda ne a yaƙin tsibirin Samos.
Abin da ke damuna: mace ba ta hawa.

Maza ke ɗaura fuskar mata a dandali,
Su yi kukanmu, su yi fushinmu, mu ba a tambayawa.

Auwal Ƙarami:
Hajiya, har garuruwan ƙawance ba a tambaye su ba.
Harajin da suke biya a dandalin ake shigowa,

A baje azurfar kafin a fara wasa,
Jakadunsu na zaune cikin taro, suna ganewa.

Malam, ka ce an ɗaure mai kuɗin Atina.
Su waɗannan fa, wace kotu za su kai ƙara a saurarawa?