Q0.3 ya daina ba da wuta a PLC ɗin injin buhunta shinkafa: in sayi sabo ko in mayar da wayar kan wani awutfut?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da wutar wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Dutsinma. Injin da ke auna shinkafa yana zuba ta a buhu, PLC (ƙaramar kwamfutar sarrafa inji) na Siemens S7-1200 ke tafiyar da shi, CPU 1214C mai DC/DC/DC, wato na tiransisto, ba na rile ba. Tun jiya da la'asar bawul ɗin da ke buɗe bakin mazurari ya ƙi motsi. Fitilar Q0.3, wato awutfut (mafitar wuta) da ke kunna bawul ɗin, tana kamawa a kan lokacinta, amma na ɗora mita tsakanin Q0.3 da 3M (negatif ɗin awutfut), babu bolt 24 ɗin, har bayan na cire wayar bawul ɗin. Sauran awutfut duk lafiya lau, kuma Q1.0 da Q1.1 ba komai a kansu. Tirela biyu na jiran lodi, Alhaji kuwa ya ce gobe da safe yake son jin magana ɗaya. In ce masa ya sayi sabon CPU, ko in mayar da aikin kan Q1.0?

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam. Duba 1L da 2L, inda wuta ke shiga wa awutfut, watakila fis ɗin kwaman ne ya ƙone. Nawa ya taɓa yin haka.

Injiniyan Batagarawa: Malam, ai ya ce na tiransisto ne. 1L da 2L na mai rile ne, nasa ta 3L+ yake shan wuta, kuma da can matsalar take da duka awutfut goman sun mutu tare. Ƙanena, fitilar nan abin da firogiram ya umarta kawai take nunawa, ba ta san ko wuta ta fita ba. Tunda tana kamawa, firogiram ya fita daga zargi. Amma kafin ka taɓa Q1.0, auna kwayil ɗin bawul ɗin. Kowane awutfut rabin amfiya yake iya ɗauka, to a bolt 24 in kwayil ya nuna ƙasa da om 48, shi ne ɓarawon, kuma zai cinye sabon kamar yadda ya cinye na farko. Sa ƙaramin rile a tsakani, da fis, da dayod a kan kwayil.

Baba Na Daura: Yaro, duk wannan mai sauƙi ne in kana da firogiram ɗin a hannu. Kana da shi? Ni abin da ya same ni ke nan a wani gidan ruwan leda nan Daura. Awutfut ɗaya tak ya mutu, na famfo. Na jona laftof, sai ga shi yana neman kalmar sirri. Wanda ya haɗa injin ya kulle, ya koma garinsu. Kwana uku muna kira ba ya ɗauka, da ya ɗauka ya ce sai an tura kuɗin mota da na masauki, ban da kuɗin aiki. Aka tura. Bai zo ba sai bayan kwana 16. Yaran da ke ɗaurin leda suna zaune a gindin dalbejiya tun safe har azahar, su tashi hannu banza, wasunsu da iyali. Mai gidan ya tara mutane ya ce ni na ɓata masa inji, ni da na yi shekara shida ina kwana a ɗakin janareta saboda shi. Mutumin ya zo, ko minti 20 bai yi ba ya canza adireshi ɗaya, ya sake kullewa a gabana, ya rufe laftof ɗinsa. Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwarona.

Mai Wayarin: Allah ya isar maka Baba. Shi ya sa na ce a sayi sabo a huta. Wani a Sabon Gari ta Kano ya ce min dubu 420.

Abu Fanel: Dubu 420? Tsohon da aka ciro daga wani inji ne aka goge. A Legas aka ce min dubu 750, a kwalinsa. Kuma sabo ai fanko yake zuwa, wa zai zuba masa firogiram? Ko ƙaramin allon nan SB 1222 da ake maƙalawa a gaban CPU ka saya, mai awutfut 4, sai ka shiga da TIA Portal, manhajar Siemens ta rubuta firogiram, ka nuna masa.

Ɗan Autan Bita: Ku kai shi Malam ya yi masa tofi, watakila sammu ne daga masu casar gargajiya.

Abu Fanel: Ni dai shawarata, buɗe shi a canza tiransiston. Akwai masu gyaran waya da hannunsu ya faɗa.

Injiniyan Batagarawa: Mai gyaran waya a kan allon da kamfani guda ya dogara da shi? In iskar zafi ta ɗaga wani abu kusa, awutfut ɗaya ya zama CPU gaba ɗaya. Wannan ba abin da aka koya mana ba ne a kwalejin fasaha ta Hassan Usman.

Abu Fanel: Ranka ya daɗe, takarda daban, fili daban. Guda nawa ka taɓa buɗewa da hannunka? Ni na gyara biyu, suna nan suna aiki.

Baba Na Daura: Ku bar musu. Laifin na masu kuɗin ne. Za su kashe miliyoyi a kan inji, amma ka ce a karɓi kwafin firogiram da zanen wayarin kafin a biya cikon kuɗi, sai a ce kana kawo tsaiko. Ka ce a sa abin kare fanel daga hawa da saukar wuta lokacin juyawa daga janareta zuwa wutar gari, a ce sai wani watan.

Mai Wayarin: Wallahi kuwa. Ni tun kafin azumi nake bin wani kuɗin aikina, kullum sai ya ce in dawo ranar Laraba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai. Injiniya, na auna kwayil ɗin, om 9 ya nuna, kuma yana warin ƙonewa. Baba, na jona laftof yanzun nan, ga shi yana neman kalmar sirri. Na kira wanda ya haɗa injin sau huɗu, wayarsa a kashe. Akwai wanda ya san mai TIA Portal a cikin Katsina da zai iya leƙowa yau da dare?