Juyen baƙin mai a janaretan mota mai ɗakin kwana: abin da kowa ya gani

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Ban daɗe da sayen mota mai ɗakin kwana ba, kuma janaretan da ke maƙale a ƙarƙashinta ƙirar Onan ne mai ƙarfin wat 4,000, wanda ke shan fetur daga tankin motar. Agogonsa ya nuna awa 60 kawai tun juyen da tsohon mai motar ya yi, amma an kusa shekara biyu da yin sa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su gaya mini ko in jira awoyin su cika.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka jira. Littafin wannan injin ya ce a yi juye bayan awa 150 ko bayan shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa, in ban da juyen farko na sabon inji da ake yi bayan awa 20. Shekarun baya na ɗauka cewa injin da bai yi aiki ba mansa lafiya lau yake, sai ranar da na kwance notin juye na ga man ya fito da ɗan fari-fari, alamar raɓa ta taru a ciki saboda dogon zama. Tun daga nan nake tayar da shi kowane wata ya yi awa 2 ɗauke da kimanin rabin nauyinsa, yawanci na'urar sanyaya ɗaki nake kunna masa, domin gudun banza ba ya ɗumama shi yadda danshin zai ƙone. Irin naka ba shi da filtar mai, kuma abin da yake ci bai wuce lita ɗaya da rabi ba.

Mai gyara da kanta: Malam ya yi gaskiya, sai dai wannan ƙarancin man shi ne ya yaudare ni. Na saba da injin mota, wanda ɗan ƙari ba ya damunsa sosai, saboda haka na tuttula lita 2 ban tsaya aunawa ba. Da na tayar da shi sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe, kuma da na buɗe gidan filtar iska na tarar da ita jage-jage da mai, dole na sake wata. Yanzu nakan zuba lita ɗaya da ɗan abu, in dakata ya sauka, in auna, sannan in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A tabbata motar tana tsaye a wuri mai baje, a kuma duba littafi ko ana murɗa murfin har ƙarshe kafin a karanta sandar awo, domin bambancin yana da yawa a ƙaramin inji. Bakin zubawar ma a lungu yake, sai da na sa wa mazurari guntun tiyo kafin man ya daina bin jikin inji.

Bakanike mai ritaya: Hajiya, naki mai sauƙi ne. Nawa mai wat 5,500 ne, yana da filta, kuma kuskuren da na yi ya fi ba ni kunya tunda sana'ata ce. Na cire tsohuwar filta ban lura cewa zoben robarta ya manne a jikin inji ba, na ɗaura sabuwa a kansa. Minti ɗaya bai cika ba mai ya fara tsartuwa ta tsakanin robobin biyu, Allah ya sa ina tsugune a wurin na kashe shi nan take. Yanzu sai na shafa wurin da yatsa na ji ƙarfe zalla, in shafa wa sabon zoben ɗan mai, in ɗaure da hannu kawai, rabin zagaye zuwa kashi uku cikin huɗu bayan robar ta taɓa. Kafin juye nakan bar injin ya yi ɗumi na 'yan mintoci a fili, ba a rufaffen gareji ba saboda gubar hayaƙi, sannan in kashe in cire baƙar wayar batir, domin wasu motocin suna da na'urar da ke tayar da janareta da kanta idan caji ya yi ƙasa. Kuma ba a buɗe murfin mai inji na aiki, zai feso maka da zafinsa. Ni baƙin mai mai lamba 15W-40 nake zubawa duk shekara.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. Na yi juyen jiya, man ya fito baƙi ƙirin, na kuma rubuta awar da ranar a cikin murfin janaretan. Amma bayan na gama ya ƙi tashi, har na fara zargin kaina, sai na ga fetur ɗin motar ya sauka ƙasa da kwata. Ashe bututun janaretan ba ya kai wa gindin tanki, don kada ya shanye man da za a yi tafiya da shi. Da na ƙara fetur na danna maɓallin jawo fetur na ɗan lokaci, bugu ɗaya ya tashi.