Gwajin jijiya ya ce lafiya lau, amma hannun Baba ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, amma hannun ya ƙi: yatsun a dunƙule, sai an ɓamɓare su kafin a wanke tafin. Gashin ƙashi kuwa ba ma fashi.

An yi masa gwajin saurin saƙo a jijiya, wanda ake manna wayoyi a hannu a ɗan ja shi da lantarki. Sakamako lafiya lau, aka maimaita, haka dai. Likita ya ce jijiyoyin hannun kawai gwajin yake aunawa, ɓarnar kuma a ƙwaƙwalwa take.

Na ji akwai TMS, da ake ɗora maganaɗisu a ka, a ga ko saƙo yana isa tsokar hannu. Don Allah, maimaita shi zai nuna ko hannun yana farfaɗowa?