'Yata ta ce sai Kano, ni kuma hankalina yana Dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Babbar 'yata ta zana JAMB bana, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse muka cike mata. Malaminsu ya ce gara mu je mu gani da ido, sai na sayar da buhun gero muka hau mota ni da ita.

Dutse ta kwanta mini. Ga kusa da gida, ga ƙanwar mahaifiyarta tana aure a garin. Kuskurena shi ne da na biye wa 'yar tawa washegari muka leƙa Jami'ar Bayero ta Kano, sabon matsuguni na hanyar Gwarzo. Tun daga bakin ƙofa na ga fuskarta ta sauya. A hanyar dawowa ko ƙosan da na saya mata ba ta taɓa ba, sai "Baba, ni dai Kano."

To ni ba ni da kowa a Kano, mahaifiyarta kuwa ta ce sam.

Masu 'ya'ya mata a can, yaya ake samun ɗakin kwana a shekarar farko? In kuma na yarda a canza mata makaranta a JAMB yanzu, ba za ta rasa duka biyun ba?