Neman shawara: zan kai Hajiyarmu Istanbul, ga ta da ciwon gwiwa

Mai tambaya, daga Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Nakan je Istanbul sarin kaya a Laleli, amma daga shago sai masauki, ban san garin ba. Bana da Hajiyarmu zan tafi cikin Disamba, in Allah ya yarda. Burinta ta ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, ta yi salla a Ayasofya. Damuwata gwiwarta, ko nan cikin unguwa sai ta huta a hanya. Ta ina zan fara?

Wata Hajiya daga Daura:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni ma da irin wannan gwiwar na je. Garin hawa da gangara ne, titunan tsohon gari kuma duwatsu aka jera, da an yi yayyafi sai santsi. Ka saya mata takalmi rufaffe mai taushi, ban da silifas, da safa mai kauri, don a masallaci sai an cire takalmi kuma sanyin can ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Kabarin Abu Ayyub yana unguwar Eyup. Ku ɗauki tasi da safe, kada ku je ran Juma'a saboda cunkoso. A harabar akwai wata tsohuwar bishiya, tattabaru na ta sauka kusa da ita, nan na zauna na huta na yi addu'o'ina. Wannan ziyara ka ba ta yininta ita kaɗai.

Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a can:
Yaya, ka sayi Istanbulkart, katin da ake biyan kuɗin shiga bas da jirgi da shi a garin. Jirgin titi mai lamba T1 yana bi ta Laleli, tasha ta uku ku sauka a Sultanahmet. Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida suna kallon juna, tsakaninsu lambu ne mai kujeru. Tun 2020 aka mayar da Ayasofya masallaci, ku shiga lokacin salla ta ƙofar masallata. Masallacin Sulaimaniyya bisa tudu yake, kada ka hau da ita a ƙafa. Fadar Topkapi ma ina ganin ku haƙura, tafiyar cikinta da yawa.

Wani Alhaji daga Rafindaɗi:
A nan na saɓa da ɗalibinmu. A Topkapi aka ajiye alkyabbar Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ɗakin dare da rana. Hajiya ta kai har ƙofa ta dawo ba ta gani ba? Ka tafi da keken marasa lafiya mai naɗewa, ku wuce sashen kai tsaye. Ran Talata dai a rufe take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Keken ne ban san ko za ta yarda ta hau ba.

Hajiyar Daura:
Kada ka kai mata maganar da kanka. Sa ƙanwarta ko wata aminiyarta ta faɗa mata, za ta fi saurare.